Shekarar da Na Zama Hancin Yaya

Yayata ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin wanki na wani otal, can ƙarƙashin ginin inda babu taga ko ɗaya. Zannuwan gado, tawul, rigunan filo, mayafan tebur, duk ta hannunta suke bi kafin su koma sama a shimfiɗa wa baƙi. Ni kuwa tela ce, kekena yana falo kusa da taga. Mu biyu muke zaune a hawa na uku tun da mijinta ya rasu, nawa kuma ya ga ya fi son zama a wani wuri. Shekarata hamsin da ɗaya, amma har yau Auta take ce mini, kuma har yau idan na ɗora tukunya sai ta bi bayana ta rage wutar.

Ba mai yawan magana ba ce. Idan ta dawo aiki da yamma ina jin takunta tun daga ƙasa, taku biyu ta huta, taku uku ta huta, sai ta zo matakala ta biyun ƙarshe ta zauna kamar nan ne gidanta. Na sha buɗe ƙofa na ce, "Yaya, saura taku biyu fa." Sai ta ce, "Su ne masu tsawon ai." Tafin hannunta duk ya dare saboda ruwa da sabulu, gwiwoyinta kullum a kumbure. Hutunta rana ɗaya ce a mako, ita ma wankin gida take yi a cikinta, don ba ta yarda da wankina ba.

Abu ɗaya ne a shekara take yi don ranta, shi ne haɗin shayi. Da zarar sanyi ya tattara ya tafi, itatuwa sun fara fure, sai ka ga Yaya ta canza. Akwai bishiyoyin lemo uku a bayan otal ɗin, wajen da ake ajiye motoci. Takan fita da sassafe kafin a buɗe injinan wanki, ta tsinci furen da ya faɗo cikin dare bai yi ƙasa-ƙasa ba, ta ƙulle a hankici. Wata mai sayar da furanni a kan hanyarta tana tara mata ganyen wardi da ya kakkaɓe. Na'ana'a kuwa a tsohon bokiti take shuka ta a baranda. Sai ɓawon tuffa da ɓawon lemo, waɗanda take fere su siriri har kana hango yatsa ta ciki, ta kankare farin don kada ya yi ɗaci. Sai ɗan soborodo saboda launi, da kirfa kaɗan, wadda ta ce tsare gida kawai take yi, ba a son a ji muryarta.

Duk wannan a ɗakinta take shanya shi, a inuwa, don ta ce rana ɓarauniyar ƙamshi ce. Takan shimfiɗa wani tsohon zanin gado fari da otal ya yar, ta baza kowane abu a gefensa, ta riƙa juyawa safe da yamma har mako uku. A makonnin nan a kan kujerar falo take kwana, da gwiwoyin nan nata, furanni kuma su kwana a gado.

Ranar haɗi ba ta awo. Babu cokali, babu kofi. Takan zuba cikin babban kwano, ta juya da hannu, ta sunkuya ta shaƙa, ta rufe ido, ta ƙara wannan ta rage wancan. Haka har sai ta ce, "To." Daga nan ta cika kwalabe goma sha ɗaya. Ɗaya tamu, ɗaya ta ɗanta da matarsa, sauran na ƙannen mijinta da abokan aiki da maƙwabta. Mutane suna jira, har tambaya suke yi. A otal lamba ce da ita a ƙirjin riga, amma a gidaje goma sha ɗaya ita ce mai shayin fure, kuma na san abin yana mata daɗi ko da ba ta taɓa faɗa ba.

Bara waccan ta yi wata mura mai nauyi. Murar ta tafi, hancin bai dawo ba. Ni na fara ganewa. Na dawo daga sayen zare na tarar hayaƙi ya cika gidan, shinkafa ta ƙone ƙurmus, ita kuma tana zaune taku uku daga tukunyar tana tsince na'ana'a hankali kwance. Na yi ta faɗa, don ni bakina ba ya jira. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hayaƙin. A nan na gane ko warin ƙunar ba ta ji ba.

Likita ya leƙa, ya tambayi aikinta, ya gyaɗa kai. Ya ce shekarun da ta yi tana shaƙar bilic da tururi sun riga sun ci rabin hancin, mura ta zo ta ƙarasa. Ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a. A motar haya muna dawowa ba ta yi zancen likita ba. Sai da muka kusa sauka ta ce, "Auta, ke za ki zama hancina."

Na ce, "To, Yaya." Da sauƙi na faɗa, kamar an ce in miƙo gishiri.

Ashe aiki na ɗauka wanda babu tashi. Madara, sai an kawo mini na shinshina. Miyar jiya, ni. Rigar da ta sa sau ɗaya, ni. Ina tsakiyar ɗinki sai in ga an turo mini abu ƙarƙashin hanci babu ko sallama. Wata rana har hammatarta ta ɗaga mini kafin ta fita, ta ce in faɗi gaskiya. Na ce, "Yaya, Allah ya sa wannan yana cikin ladan zumunci." Ta ce yana ciki, in yi sauri za ta makara.

Da lokacin fure ya zo na ɗauka za ta haƙura bana. Ina! Ta shigo da hankicinta kamar kullum, ta buɗe a gabana.

"Yaya yake?"

"Yana da ƙamshi."

"Na san yana da ƙamshi, ba takalmi na tsinto ba. Wane iri?"

"Irin na furen lemo mana."

"Mai nauyi ne ko mai tashi? Yana tsayawa a gaban hanci ko yana wucewa maƙogwaro? Akwai ɗanyen ganye a bayansa?"

Na shaƙa har kaina ya fara juyawa. Ni duk abin da na sani shi ne mai daɗi da mara daɗi. Ita kuwa tana da kalmomi kusan ashirin, kuma duk tana so in ba ta amsa da su. Idan na ce mai nauyi ne ta ce ba zai yiwu ba, an yi yayyafi jiya. Idan na ce mai tashi ne ta ce ina faɗa ne don ta ƙyale ni. Ba ta yi ƙarya ba. Na gaji, wallahi na gaji. A watan nan wata makaranta ta ba ni ɗinkin rigunan ɗalibai saba'in, bayana yana ciwo, idona yana ruwa, ga kuma Yaya da hankicinta sau goma a rana.

Yanzu ga inda na yi laifin. Yaya ba ta iya shimfiɗa abin ci a kan zanin da bai ji bilic ba, aikinta ya riga ya shiga jininta. Kowace shekara takan jiƙa zanin nan a bilic da sabulun otal mai ƙarfi, sannan ta yi ta ɗauraya, ruwa bayan ruwa, tana shinshinawa, har sai babu sauran wari ko kaɗan. Ba ta taɓa ƙirga ruwan ba, hancinta ne yake ce mata ya isa. Kwalaben ma haka take musu. A ranar ta fito daga banɗaki da zanin a hannu, ta tsaya a bayana.

"Auta, ji wannan. Ya fita?"

Allurai uku ne a bakina, ina kan haɗa wuyan riga da ya ƙi zama tun safe. Ban juya ba. Na ɗan karkata kai don ta ga kamar na shaƙa, na ce, "Ya fita."

"Kin tabbata?"

"Yaya, na ce ya fita."

Ta tafi. Washegari ta kawo kwalabe, su ma na ce sun fita, su ma ban shaƙa ba. Sai kuma aka shiga ruwan sama kwana da kwanaki, ta rufe tagar ɗakin don kada danshi ya shiga, ta ja ƙofa. Mako uku furanni suna kwance a kan zanin nan a rufaffen ɗaki. Ni ban leƙa ba, ina fama da riguna saba'in.

Ranar haɗi ta kira ni na zauna a gabanta. Ta zuba komai a kwano, ta juya, sannan ta sunkuya ta shaƙa ta rufe ido kamar yadda ta saba, ko da yake babu abin da take ji. Ta turo mini kwanon. Na sa hanci. Lemo yana nan, wardi yana nan, na'ana'a ma. Amma a ƙarƙashinsu duka akwai warin bilic da sabulu, ba mai yawa ba, sai dai ba ya ɓuya. Fure yana shan duk warin da ya kwana da shi, ita da kanta ta sha gaya mini haka.

Na san daga ina ya zo. Na kuma san fure ya riga ya ƙare a bishiya, babu wani sai baɗi. Na dubi gwiwoyinta da suka yi mako uku a kan kujera. Zan so in ce tausayinta ne ya rufe mini baki, amma ba shi kaɗai ba ne. Idan na faɗa, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi zanin da na ce ya fita bai fita ba. Tsoro na ji, ni da furfurata.

"Ya yi," na ce.

"Lemon bai danne wardi ba?"

"Bai danne ba."

Ta yi murmushi, irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce, "To." Ta cika kwalabe goma sha ɗaya, ta ɗaure kowace da ƙyallen da ta tsinta a ƙarƙashin kekena, ta rarraba su da ƙafarta a ranakun hutu biyu.

Na zauna jiran wanda zai tona ni. Babu. Matar ɗanta ta bugo waya ta ce na bana ya fi na kullum. Ƙanwar mijinta ta ce sun kusa shanyewa. Maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya tare ta a matakala ya ce hannunta bai tsufa ba. Duk sun san hancinta ya tafi, kowa yana lallaɓa ta. Ni kuma kowace safiya ta dafa mana kofi biyu daga kwalbarmu, ta zauna tana kallona. Ita ruwan ɗumi kawai take ji, sai ta ɗan kurɓa ta ture mini sauran. Ni nake shanye duka biyun, yana sauka kamar na tsotsi rigar filo. Har ƙari nake nema, don in ga kwalbar ta ƙare in huta.

Mai Guga ce ta fasa ƙwan. Tsohuwar abokiyar aikinta ce, sun yi shekara ashirin suna guga a tebur ɗaya kafin ciwon baya ya zaunar da ita. Tana wajen 'yarta lokacin rabo, don haka kwalbarta tana nan a ajiye. Ta zo wata Asabar da hantsi, ta hau benen tana tsine wa wanda ya gina shi. Yaya ta dafa mata daga ciki da kanta. Mai Guga ta ɗaga kofin, bai ma kai bakinta ba ta fashe da dariya.

"Ke! Aikin ne kika biyo ni da shi har cikin kofi? Wannan ai warin ɗakin wanki ne. Na rantse har na ji ƙarar inji na biyu."

Ba da mugunta ta faɗa ba, ita haka bakinta yake. Ta juyo gare ni tana neman abokin dariya, ta ga fuskata, dariyar ta tsaya. Yaya ta ajiye butar a hankali.

"Bilic?"

"Da sabulu," in ji Mai Guga, murya ƙasa-ƙasa yanzu. "Kaɗan ne fa. Ba wani abu ba ne."

Yaya ba ta dube ni ba. Ta ɗauke kofin, ta zubar, ta dafa wa baƙuwarta shayin kanti. Suka yi hirar wanda ya mutu da wanda aka sallama, ta raka ta har ƙasa. Na ji dawowarta, taku biyu ta huta, taku uku ta huta. Ta shigo ta ɗauki jakar kasuwa ta sake fita.

Gida-gida ta bi tana karɓo kwalabenta. Na ce in raka ta, ta ce in yi ɗinkina. Kwana uku ta yi tana wannan, bayan tashi daga aiki, mota biyu zuwa wani gidan, bene huɗu a wani. Ta jera su a kan teburin kicin. Duk a cike suke, kowace an ɗebi cokali ɗaya ko biyu an rufe. Ta matar ɗanta da ta ce ya fi na kullum, ko ƙyallen ba a sake ɗaurawa daidai ba. Ta masu cewa sun kusa shanyewa kuwa har wuya take. Yaya ta tsaya tana kallonsu, sannan ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da tamu. Saura ɗan gari a ƙasa.

"Wannan fa, duk ke kika sha?"

"Ni na sha, Yaya."

Ban san me na zata ba. Wataƙila na zata za ta ga wahalar da na sha ta ji tausayina, ta ce Auta kin yi ƙoƙari. Ta juya kwalbar a hannunta.

"Kullum kina ji."

"Ina ji."

"Zanin ma kin ji?"

"Zanin ban shaƙa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Su waɗancan ban ga laifinsu ba, kunyata suka ji. Ba su na roƙa ba. Ke na roƙa." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta juye kwalaben ɗaya bayan ɗaya a kwandon shara, aikin mako uku da furen shekara guda, ta wanke su da ruwan zafi zalla ta kife.

Na ba ta haƙuri a ranar, na sake bayarwa washegari. Ta ce ya wuce, kuma ban ce ƙarya ta yi ba. Ba ta yi gaba da ni ba. Muna cin abinci tare, tana rage mini wutar tukunya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta zauna a kaina. Sai dai ba a sake turo mini komai ƙarƙashin hanci ba. Madara idan ta yi shakka zubarwa take yi. Riga sau ɗaya take sawa ta wanke, da hannuwan nan da suka dare. Abin da na yi ta addu'a a sauke mini an sauke, kuma ban taɓa jin nauyi irin na bayan saukewar ba. Sau da yawa nakan ce, "Yaya, kawo in ji miki." Sai ta ce, "Bar shi, kina aiki."

Bana fure ya sake fitowa. Ban yi zaton za ta taɓa shi ba, amma ta shigo da hankicinta. Ba ta buɗe a gabana ba. Ta sayi sabon yadi da bai taɓa ganin sabulu ba, ta tafasa shi a ruwa, ta shanya kayanta a kai. Kaɗan ta yi, abin da bai fi kwalba uku ba, don gwiwoyin ba sa kai ta bayan otal kullum.

Jiya da hantsi ta yi haɗin. Ina kan keke ina jin motsin hannunta a kwano. Na rage gudun ƙafata, na cire alluran da ke bakina na ajiye, na juya kujerata. Ta fito daga kicin da kwanon a hannu biyu. Ƙamshin ya riga ta isowa, mai tsabta, babu komai a ƙarƙashinsa, sai dai lemon ya ɗan danne wardi. A karon farko na ji shi sarai, har ina da kalmar da zan faɗa mata.

Ta wuce ni. Ta buɗe ƙofa da gwiwar hannu, ta tsallaka zuwa ƙofar da ke kallon tamu, ta ƙwanƙwasa da ƙafa. Matar da ke ciki sabuwar zuwa ce, ma'aikaciyar asibiti, ba su fi gaisuwa uku da Yaya ba. Na ji an buɗe, na ji Yaya tana ba ta haƙurin damu, tana cewa hancinta ne ba ya aiki, ko za ta taimaka ta shaƙa mata wannan ta faɗi gaskiya.

Matar ta shaƙa, sannan ta ce, "Mama, yana da daɗi. Amma kamar lemon ya yi yawa."

"Yauwa," in ji Yaya. "Allah ya yi miki albarka."

Ta dawo ta wuce ni da kwanon, ta shiga kicin. Na ji ta buɗe takardar wardi tana ƙarawa.